Neman kalma: abin da ke ruɓar da katako, me za mu kira shi a rediyo?

Mai Fassara, Unguwar Rimi: Salamu alaikum malamai. Ranar Asabar za a naɗi shiri kan adana katako kafin damina, masu saurare galibi kafintoci ne da 'yan katako. Takardar da aka ba ni cike take da kalmar da Bature ke kira fangas, ta kuma kasa ruɓar itace gida uku. Injin fassara ya ba ni "naman gwari". Don Allah a taimaka kafin daren Alhamis.

Kafinta, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Funfuna mana, Hajiya.

Malamin Gandun Daji: Funfuna ɗaya ce daga cikin danginsu, amma a nan za ta ɓatar da mutane. Funfunar da ke hawa katako, kore ko baƙa, a sama take tsayawa, a goge ta ko a kankare, ƙarfin katakon na nan. Haka shuɗin tabon da ke shiga farin katako irin obeche, muni yake sawa, ƙarfi bai cika raguwa ba. Mai ruɓarwa kuwa cikin naman itacen yake shiga da siraran zaruruwa, ya zuba sinadarin da ke narkar da shi. Kika ce funfuna, ɗan katako zai ɗauki tsumma ya ce an gama.

Kafinta, Tudun Wada: To laimar kwaɗi.

Malamin Gandun Daji: Ita ma da gyara. Laimar, ko wannan faifan mai tauri da ke fitowa a gindin bishiya, mai sheƙi, samansa ja ƙasansa fari, wanda ake kira Ganoderma, 'ya'ya ne kawai. Aikinsu sakin ƙurar iri cikin iska. Kafin ka gan su cikin ya daɗe da ciwuwa, ɓalle su kamar tsinke mangwaro ne ka ce ka kashe bishiya.

Ɗan Kakau: Kafin a wuce. Wannan "naman gwari" kada ya shiga iska, ranki ya daɗe. Mu sunanmu Gbagyi, kuma a Kaduna ake watsa shirin nan. Muna cin naman kaza, gaskiya ne, musamman wanda ke fitowa kan suri da damina, wanda gara ke nomawa a cikin gidanta. Amma a ce abin da ke ruɓar da rufin mutane da sunanmu ake kiransa, ba za ta yi daɗin ji ba.

Mai Fassara, Unguwar Rimi: An cire, Yaya. Na gode.

Tsohon Malamin Hausa: Abin takaici ne. Harshen da ake karantarwa har digiri na uku a Zariya da Kano a ce sai ya ari fangas? Ga kalma: ruɓau. Ƙirarta ƙirar mantau da makarau ce, gajera, yaro ma zai riƙe.

Ɗalibar Nahawu: Baba, a gafarce ni. Mantau shi ne mai mantawa, makarau mai makara. Ruɓau ke nan mai ruɓewa, wato katakon kansa. Wanda ya jawo abin "ruɓar da" yake yi. Kuma yaya jam'insa? Nau'o'in nan dubbai ne.

Tsohon Malamin Hausa: 'Yata, kalma amfani ke gyara ta. Jirgi da can na ruwa ne kaɗai, yau yana tashi sama. Ku yaran yanzu komai Bature ya faɗa sai ku liƙa masa wasali ku ce Hausa ce. Ruɓau.

Kafinta, Tudun Wada: Baba, ƙusa da zarto kaɗai na sani da Hausa a shagona. Sukundireba fa? Filaya fa?

Tsohon Malamin Hausa: Don an yi sakaci jiya ba hujja ba ce a yi yau.

Ɗalibar Nahawu: Ruɓau ɗin ma ba zai rufe yis ɗin burodi da makero ba, alhali duk dangi ɗaya ne. Tun 1969 masanin halittu Whittaker ya ware su a matsayin rukuni mai zaman kansa, ba tsiro ba, ba dabba ba. Babbar kalmar dole ta ɗauke su duka.

Malamin Gandun Daji: A bar babbar kalmar tukuna, kashi ukun su ne abin da mai sauraro zai yi aiki da shi. Itace yana da zare, seluloz, da kuma abin da ke ɗaure zaren ya ba shi tauri, lignin. Kashi na farko yana cin duka biyun, katakon ya koɗe ya yi fari, ya yi taushi, ka ja shi ya zo zare-zare. Wannan farar ruɓa. Na biyu zaren yake cinyewa ya bar lignin, katakon ya yi ja-ja, ya tsattsage gutsi-gutsi masu kusurwa huɗu, ka murza da yatsa ya koma gari. Jar ruɓa. Ita ce mai haɗari a rufi, don ƙarfin yana tafiya tun ido bai ga komai ba. Gwaji: soka bakin wuƙa a karkace ka ɗaga. Lafiyayyen katako doguwar sartse zai ba ka, wanda ya kamu guntulewa yake yi nan take ba ƙara.

A kuma faɗi maganar ruwa. Katakon da damshinsa ke ƙasa da kashi 20 cikin 100 ba ya ruɓewa, sai ya kai wajen kashi 30 abin ke kankama. Don haka a ɗaga tari daga ƙasa kamar taku ɗaya da rabi, a jera siraran sanduna tsakanin kowane layi daidai saman juna don kada katako ya lanƙwashe, a rufe sama da kwano a bar gefe iska na ratsawa. Naɗe tari da leda ruf shi ne kuskuren da ya fi yawa, gumi ne ke taruwa ciki. Baƙin mai da ake shafawa bai wuce fata ba, idan katakon ɗanye ne ma ruwan yake kullewa ciki. Zuciyar ƙirya tana jure zama a ƙasa, amma farin gefen kowane itace, har na ƙiryar, saurin kamuwa gare shi.

Kafinta, Tudun Wada: A ƙara da cewa gara ta fi son inda ya riga ya jiƙe ya fara ruɓa. Mutane gara kaɗai suke zargi.

Mai Fassara, Unguwar Rimi: To ga abin da zan rubuta. Farkon ambato: "fangas mai cin itace, dangin funfuna da laimar kwaɗi". Daga nan "mai cin itace" kawai. Farar ruɓa da jar ruɓa sun shiga. Na ukun fa, wanda ke kama katakon da ke yawan jiƙa, sama ya yi laushi ciki da sauran ƙarfi?

Malamin Gandun Daji: Ruɓa mai laushi, kodayake farar ma laushi take yi. Ba ta gamsar da ni ba.

Tsohon Malamin Hausa: Farar ruɓa da jar ruɓa na yarda, Hausa ce. Fangas kuwa ku da shi. Na ukun ku ce ruɓar jiƙo, tunda ba ku son ruɓau.

Mai Fassara, Unguwar Rimi: Jiƙo zai sa a zaci magani ne, Baba. Zan ce "ruɓar da ke tsayawa a sama" a wannan makon, in an sami wadda ta fi sai a gyara a maimaici.