Feshin asfirin a gonar dankalin Turawa: da gaske yana hana cuta?

Manomin Bokkos:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ana ta cewa in an jiƙa asfirin an fesa wa dankali, cutar ƙunar ganye ba ta kama shi. Akwai gaskiya a ciki? Ƙwaya nawa ake sawa?

Malamin Gona, Kuru:
Wa alaikumus salam. Maganar tana da tushe. Idan ƙwayar cuta ta shiga ganye ɗaya, tsiron yakan haɗa sinadarin salisilik asid, saƙo ya bi jijiyoyinsa zuwa sauran ganyen, su fara haɗa abin kariya tun cutar ba ta iso su ba. Asfirin ɗan'uwan wannan sinadarin ne, shi ya sa tsiro yake ɗaukarsa a matsayin gargaɗi. Amma shirin nan yakan ci kwanaki, don haka tun gona tana lafiya ake fesawa. Ganyen da ya riga ya yi baƙi ya tafi ke nan.

Awon da aka saba: ƙwaya ɗaya mai miligiram 300 a ruwa lita 4, wato ƙwaya 4 a injin feshi mai lita 16, da sassafe, duk mako biyu. In ya yi yawa bakin ganye yakan ƙone. Fara gwadawa a kunya ɗaya.

Mai Tumatir, Mangu:
Malam ya yi bayani, amma don Allah kada a dogara da asfirin kaɗai. A Yuli da Agusta, da hazo ya zauna, ganye ya kwana a jiƙe cikin sanyin Filato, cutar nan tana iya cinye gona cikin mako guda. Mankozeb, maganin feshi na cutar ganye, duk kwana 7 shi ne abin riƙewa, a maimaita in ruwan sama ya wanke shi. A rage yuriya kuma, domin tana sa ganye ya yi laushi, cuta ta samu ƙofa. A ja ƙasa ta rufe dankalin sosai, kada ruwa ya sauko masa da cutar daga ganye.

Hajiya Mai Binciken Tsirrai, Jos:
A lura, tsutsa hanyarta daban ce. Cizonta wani sinadari, jasmonik asid, yake tayarwa a tsiro, ganye ya yi mata wuyar narkewa a ciki. Masara ma har ƙamshi take saki da ke jawo ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsar. Hanyoyin biyu kuwa, ta salisilik da ta jasmonik, sukan danne juna, don haka yawan feshin asfirin na iya raunana kariyar tsiro daga tsutsa. In ganyenka huji ne a jiki, Alhaji, ajiye asfirin, ka juya bayan ganyen ka duba.