Masu kira da sunan banki da sauran 'yan damfarar waya: kowa ya faɗi abin da ya gani

Malamar makaranta, Tudun Wada
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah mu tattauna maganar 'yan damfarar waya ɗin nan don abin ya yi yawa a Kaduna, kuma na lura duk wanda aka cuta sai ya ja bakinsa ya yi shiru saboda kunya, sai bayan an yi wa maƙwabcinsa ne zai ce ai nima haka suka min, to da ka faɗa tun farko ai da bai faɗa ba. Ba sai an kama suna ba, kawai yadda suka fara magana da abin da suka nema. Ni tawa surukata aka yi wa, tsohuwa ce mai karɓar fansho, wani ya kira ta da safe wai daga hedikwatar banki yake, ya faɗi cikakken sunanta har da ranar haihuwa, ya ce BVN ɗinta ya samu matsala kuma in ba a gyara kafin azahar ba kuɗin wata ba zai shiga ba. Ta ɗauko kati ta karanto mishi lambobi, aka turo mata wasu ta saƙo ta sake karanto mishi, har tana sa mishi albarka wlh. Kafin la'asar babu komai a asusun.

Mai POS, Kawo
Wa alaikumussalam Malama, Allah ya mayar wa Mama da alheri. Mu namu ciwon alat ɗin ƙarya ne. Lokacin ƙarancin kuɗi na farkon 2023 da aka canza takardun naira layi ne a gabana tun daga asuba, wani ya zo fes da shi cikin shadda ya ce zai yi taransifa in ba shi dubu arba'in a hannu, saƙo ya shigo wayata da sunan banki da komai, mutane na ta min ihu in yi sauri, na ƙirga na ba shi. Sai da dare da na zo haɗa lissafi na ga balans bai motsa ba. Saƙon tes kowa zai iya ƙirƙirarsa, haka hoton risit da suke nuna maka a wayarsu, akwai manhajar da ke haɗa shi. Yanzu ko limamin unguwarmu ne sai na buɗe asusu na ga kuɗin sun zauna, in ya ce netwok ne zai shigo anjima sai in ce to Alhaji ga benci mu jira shi tare. Mai gaskiya zama yake, ɗayan kuma sai ka ji wai bari ya je ya dawo.

Tsohon ma'aikacin banki, Malali
Bari in ɗan yi bayani tunda na yi aikin. BVN lamba 11 ce da Babban Bankin Najeriya ya kawo a 2014, kuma ita kaɗai ba ta isa a cire maka kuɗi ba, amfaninta a wurinsu shi ne su samu bayananka su yi maka magana kamar sun san ka. Abin da suke farauta na gaske dogayen lambobin gaban kati ne, da watan da zai ƙare aiki, da ukun nan na baya, sai lambar da ake turowa ta saƙo wato OTP. In suka haɗa waɗannan to sun zama kai, za su yi sayayya ko su tura kuɗi banki kuma yana ganin kai ne ka yi. Ma'aikacin banki ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki, ba a ba mu damar tambayar kwastoma lambar sirrinsa ko muna zaune gaba da gaba balle ta waya.

Masu tambayar ina suke samun sunan mutum, kaso mai yawa mu muke ba su da hannunmu, linkin nan da ake yawo da shi wai tallafin gwamnati ko rabon kuɗin azumi ko kyautar data, ka cika suna, lambar waya, ranar haihuwa, NIN, sunan banki, shikenan ka shiga jerinsu, bayan wata biyu a kira ka ka rasa ya aka yi. Malama ki ce wa Mama duk wanda ya kira da sunan banki ta ce zan zo reshe da kaina ta kashe waya, ba rashin ladabi ba ne.

Uwargida, Unguwar Dosa
Ni ta WhatsApp suka shigo min. Wata ce ta kira ni da murya mai natsuwa har da sallama cikakkiya, ta ce ita ce sabuwar sakatariyar guruf ɗin islamiyyarmu, za a yi taron mata da daddare ta intanet kan walimar sauka, an turo min lamba shida in karanto mata ta sa ni a jeri. Da yake da gaske muna shirin walimar ban kawo komai a raina ba. Ina gama faɗa WhatsApp ɗina ya fita daga wayata. Cikin awa ɗaya sun bi 'yan uwana ɗaya bayan ɗaya da hotona da sunana, wai ina asibiti da yaro a taimaka min da dubu talatin zuwa gobe, asusuna ya samu matsala a tura ta wannan. Ƙanwata da ke Zariya ta tura, wata ƙawata ma ta tura, yayana ne kawai ya kira layina kai tsaye ya ce ke lafiya? Abin da ya fi min ciwo ba kuɗin ba ne, mutane sun ba da ne don ƙaunata. Yarona ya nuna min inda ake sa wata lambar sirri ta biyu a cikin saitin, dan Allah mata ku sa a yi muku yau, kuma duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce ku kira shi ku ji muryarsa.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci
Ni fa gaskiya a ganina rabin abin nan kwaɗayi ne. MMM ta zo ta ce riba kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe a Disambar 2016 mutane suka yi kuka, ba a daddara ba CBEX ta zo ita ma ta tafi da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. A layinmu akwai wanda ya sayar da kayan shagonsa ya zuba a irin wannan, mun yi mishi magana ya ce baƙin ciki muke. Wace sana'a ce ke ninka kuɗi kana kwance? Mu da muke wuni a kasuwa mun san nawa ake samu a dila.

Malamar makaranta, Tudun Wada
Alhaji na yarda da kai a kan masu ninka kuɗi, amma dan Allah kar mu haɗa su duka. Surukata kwaɗayin me ta yi? Tsoro aka ba ta kan haƙƙinta. Hajiya ta Unguwar Dosa fa, walima aka ce mata. Irin wannan maganar ce take sa mutane ɓoyewa, kowa na gudun a ce mishi makwaɗaici ko wawa, su kuma ɓarayin abin da suke so kenan.

Direba, Mando
Maganar tsoro da Malama ta yi ita ce gaskiya, ku ji tawa. Ɗana yana karatu a Zariya, wata ranar Alhamis ina tasha aka kira ni da baƙuwar lamba, murya a sama, wai ɗanka yana hannunmu, ina jin wani yana kuka a baya yana Baba Baba, suka ce in tura dubu ɗari biyar kafin awa ɗaya kuma in na kashe waya ko na gaya wa wani gawarsa zan ɗauka. Jama'a duk wanda yake Kaduna ya san abin da muka gani, tun daga hanyar Abuja da ta Birnin Gwari har harin jirgin ƙasa na Maris 2022, ba wanda zai ji haka ya ce wasa ne. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata na zauna a ƙasa. Allah ya sa wani abokin aikina yana kusa ya ga yanayina, na rubuta mishi lambar yaron a tafin hannu ina ci gaba da magana da su, ya kira a kashe, sai ya tambaye ni da hannu ko akwai lambar abokinsa, na miƙa mishi ƙaramar wayata ya nemo. Ashe yaro yana aji, waya ce ba caji. Ni kuma na ce musu ku ba shi ya faɗa min sunan kakarsa, sai suka hau zagi suka kashe.

Ba na cewa duk kiran irin wannan ƙarya ne, mun san akwai na gaske Allah ya tsare mu, amma shi ya sa suke hana ka ajiye waya, don kar ka samu minti biyu ka bincika. Har yau in baƙuwar lamba ta shigo sai gabana ya faɗi.

Matashiya, Rigasa
Innalillahi, Baba Allah ya ƙara tsarewa. Mu kakarmu masu cewa su aljanu ne suka samu. Ƙarfe biyun dare suke kira da wata irin murya, su yi mata sallama su ce an zaɓe ta za a ba ta dukiya amma akwai maƙiya a cikin gida, ta sayi katin waya ta karanto musu na sadaka, kuma in ta faɗa wa wani ɗanta zai mutu. Ta daɗe tana yi ba mu sani ba, har 'yan kunnenta na gwal ta sayar, mai shagon da take aika yara sayen kati ne ya kira babanmu ya ce lafiya Inna take sayen kati haka? Ko da aka zaunar da ita kuka take tana roƙo a bar ta kar a kashe mata ɗa. Sai da aka kawo malamin da take jin maganarsa ya yi mata nasiha sannan ta yarda aka canza layin. Ku riƙa duba tsofaffinku dan Allah, ku zauna ku yi hira da su, ba su da wanda za su tambaya ne.

Mai gyaran waya, Kasuwar Sheikh Gumi
Ƙari a kan na Yallaɓai na banki. Kullum sai an zo min da kukan an zare waya a Keke ko a cunkoson kasuwa, kuma abin da mutane ba su gane ba yanzu ba wayar ɓarawo yake so ba, sim ɗin yake so. Zai cire ya sa a ƙaramar waya ya danna lambobin banki ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda kake da asusu, wasu ma har bashi suke ci da sunanka. Makullin fuskar waya ba ya hana wannan. Sim ma ana sa mishi nashi PIN, in an cire aka sa a wata waya ba zai buɗe ba, sai dai a kula in aka yi kuskure sau uku zai kulle sai da lambar buɗewa ta PUK da ke jikin katin da aka sayo shi, don haka wanda bai iya ba ya je a sa mishi. Kuma ku daina ajiye lambar sirrin ATM a cikin waya da sunan "fin ɗina", wlh ina gani da idona in an kawo gyara.

Ɗalibi, Hayin Banki
Ni aikin kwastam aka ce za a samo min, a Facebook na ga mutumin da kaki a hoto, ya ce akwai gurbin manya guda biyu da suka rage, in tura dubu tamanin na fom da gwajin asibiti. Na gaya wa kawuna don ya ranta min, shi tsohon soja ne, ya ce ɗaukar aikin gwamnati ba a biya ta asusun wani mutum, in ce mishi mu haɗu a ofishinsu in kawo kuɗin a hannu. Ina faɗa mishi haka ya toshe ni. Abokina da muka gani tare bai gaya wa kowa ba ya tura, har takardar kama aiki ta bogi suka turo mishi ya buga ta ya kai gida aka yi murna.

Tela, Badarawa
Jama'a ni yanzu abin ya same ni, jiya da yamma aka cire min kuɗin ɗinkin mutane bayan irin kiran da aka yi wa Mama. Yallaɓai na Malali dan Allah me zan yi, ana dawo da su kuwa?

Tsohon ma'aikacin banki, Malali
Subhanallah, sannu ɗan uwa. Yanzun nan ka kira lambar da ke bayan katinka ka ce a toshe katin, kar ka nemi lamba a Facebook don akwai shafukan bogi masu sunan bankuna da ke jiran irinka. Gobe da sassafe ka je reshe da katin shaida, kar ka goge saƙo ko ɗaya, ka rubuta ƙorafi a takarda da lokacin da aka kira ka da lambar da ta kira da adadin da aka cire, su buga maka hatimi a kwafin takardar ka riƙe, ka roƙe su su tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga a riƙe asusun. Ba zan ce maka tabbas za su dawo ba, ya danganta da ko sun riga sun kwashe, shi ya sa saurin yake da muhimmanci. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda, EFCC ma suna da ofishi a nan Kaduna. In sati biyu suka wuce banki bai ce maka komai ba kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin kwastoma na Babban Banki. Kuma ka shirya, za a iya sake kiranka a ce daga EFCC ne ko lauya za a ƙwato maka kuɗinka ka biya na aiki, su ne dai suka dawo.

Tela, Badarawa
Na gode Yallaɓai, Allah ya saka da alheri. Na kira an toshe katin yanzu, gobe in sha Allahu ƙarfe takwas ina bakin banki. Masu kayan kuma zan kira su da kaina in faɗa musu gaskiyar abin da ya faru.