Bel uku cikin wata biyu: kulocin 'yar kurata zai talauta ni

Manomi daga Argungu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu sanin inji ku taimaka mini, tura ta kai bango. Bara na sa wani mai walda ya haɗa mini 'yar kura mai inji don kwaso shinkafa daga fadama zuwa bakin hanya, inda mota ke iya tsayawa. Tayoyin Keke Napep ne a ƙarƙashinta, injin kuma irin GX200 na Honda ne amma na Sin, mai ƙarfin doki 6.5. Ba ta da akwatin giya. Kulocin nan mai fuli biyu da bel a tsakani muka sa mata, wanda ke canza giya da kansa, a kwalinsa an rubuta 30.

Da farko lafiya lau. Yanzu kuwa ko a sulo take sai ta riƙa ja da kanta, sai na danne birki. In na ɗora buhu huɗu na zo hawan da ake fitowa daga fadama, inji ya yi ta ihu, taya ba ta motsi, warin roba ya cika wuri. Bel uku na canza cikin wata biyu. Na kai wa wani bakanike, ya buɗe fulin gaba ya cika shi da giris, ya sa mini bel irin na injin niƙa, ya ce duk bel bel ne. Kwana huɗu ya yi ya tsinke. Yanzu wani na ce mini in sayi babban kulocin mai lamba 40, wani na cewa sifirin mai ƙarfi zan sa. Wanne zan yi? Girbin rani ya matso.

Bakanike daga Jega:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Wanda ya zuba giris ɗin nan shi ya fara kashe ka. A cikin fulin gaba akwai wasu ƙarafa masu nauyi da sifirin biyu suka zagaye. In inji ya ɗau gudu, juyin ne ke watsa su waje, su turo faifan ya matse bel, bel ya hau sama. In ka saki totur su koma. Giris da ƙurar fadama in suka haɗu sai su zama kamar ƙullun tuwo, ƙarafan su maƙale a rabin hanya. Shi ya sa take ja a sulo. Giris ɗin da zafi ya narkar kuma sai ya fantsamo kan faifan, bel ya riƙa santsi.

Ka kwance shi gaba ɗaya, ka wanke da fetur, ka bar shi ya bushe sarai. Fuskar faifan ka goge ta da sanfefa mai laushi har ƙyallin nan ya tafi. In kana son abin da zai sa ƙarafan su yi sulɓi, kankare bakin fensir ka shafa garin a inda suke zamewa, ban da inda bel ke taɓawa. Sannan ka duba: a kan sandar fulin, daidai inda bel ke kwanciya, akwai wani zobe na tagulla? Yana nan ko babu?

Manomi daga Argungu:
Oga, na je na duba yanzu. Babu zobe. Na tuna ranar da ya kwance, wani abu ja-ja ya faɗo a tsage, ya ce ba shi da amfani, ya jefar.

Bakanike daga Jega:
Inna lillahi. To ai shi ne ke sa sanda ta juya a sulo ba tare da ta ja bel ba. In babu shi ƙarfe ne ke gugar cikin bel tun daga lokacin da ka tayar da inji. Nemi wani, ko mai injin gyaran ƙarfe ya yanka maka na tagulla daidai awo. Ka kuma rage sulo. Injin nan wajen juyi 1,400 a minti yake zama, kulocin kuma sai wajen 2,200 yake fara kamawa. In an ɗaga sulo don inji ya daina mutuwa, kafireto za a wanke, ba a bar shi yana cin bel ba.

Mai sayar da kayan inji, Birnin Kebbi:
Ranka ya daɗe, maganar bel ita ce tawa. Bel ɗin lamba 30 ba kamar sauran ba ne. Ɗauki tsohon naka na asali ka kalli kaurinsa ta inda ya tsinke: gefe ɗaya kusan a miƙe yake, ɗayan a karkace. Miƙaƙƙen gefen shi ke kallon inji. Na sha ganin wanda ya saya a hannuna ya juya shi, ya dawo bayan mako yana cewa na ba shi jabu. Faɗinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, wato milimita 19. Na injin niƙa an yi shi ne ya zauna wuri ɗaya a cikin kwarin fuli, ba a yi shi don a matse shi ta gefe yana hawa yana sauka ba. Ka zo da lambar da ke bayan tsohon, don tsawon ma ya bambanta. Gajere zai riƙa ja a sulo, dogo zai yi santsi wurin tashi. Sabo in ya zauna daidai, za ka ga bayansa ya yi daidai da bakin fulin baya, ko ya ɗan leƙo kaɗan.

Lamba 40 kuwa, ko da yake ciniki ne gare ni, ba zan sayar maka ba. Galibi ana yin shi don inji mai sanda inci ɗaya, irin ta GX390 mai doki 13. Taka ba ta kai ba. Ka ga sai ka canza inji, da kujerar inji, da komai.

Wani matashi daga Bunza:
Ni fa a ganina Baba a cire gwamnan injin kawai, abin nan da ke ƙayyade masa gudu, zai ba da wuta sosai, ta hau ko ina ne.

Bakanike daga Jega:
Ƙanena, ka taɓa ganin injin da aka cire wa gwamna ya yi aman ƙarfe? An ɗaure shi a juyi 3,600 a minti ne don dalili. Kuma ba wuta ce ta yi wa Alhaji kaɗan ba, ai ya ce inji na ihu. Ƙarfin ne ba ya isa taya.

Malamin fasaha daga Aliero:
Duk abin da Oga ya faɗa haka yake, amma ina jin ko an gyara duka bel ɗin ba zai daɗe ba, don akwai abin da ba a tambaya ba. Alhaji, ƙirga mana haƙoran sifoket, na jikin kuloci da na taya.

Manomi daga Argungu:
Malam, ƙaramin 10 ne, babban 48.

Malamin fasaha daga Aliero:
To ga ɓarawon nan. 48 a raba da 10 ya ba da 4.8. Kulocin a giyarsa ta ƙasa yana ba da wajen 2.7, ka ninka shi da 4.8, inji zai juya sau 13 kafin taya ta juya sau ɗaya. A giyarsa ta sama kuma, da tayar Napep, lissafi ya nuna kurar nan za ta iya wuce kilomita 60 a awa. Wa zai yi gudun 60 da buhu huɗu a kan kunyar fadama? An haɗa maka ta kamar motar wasan yara, kai kuma aikin jaki kake ba ta. A bakin hawan, fuli na juyawa, bel na tsaye wuri ɗaya yana ƙonewa. Duba waɗanda suka lalace, za ka ga wani wuri ɗaya ya rame ya yi baƙi yana ƙyalli.

Za a ce ka sa sifoket mai haƙori 72. Kada ka yi, faɗinsa ya haura inci 11, tayar kuma 16 da ɗoriya ce, zai riƙa noma taɓo da sarƙa. Ka sa mai walda ya ƙara wata sanda a tsakiya a kan boris biyu, da sifoket mai haƙori 14 da mai 28, a yi matakin sarƙa na biyu. Sai 13 ɗin nan ta koma 26. Ƙarfin ja ya ninka, gudu ya sauko wajen kilomita 33 a awa, wanda ko shi ya yi maka yawa. Ka lura kawai kada a haɗa sarƙa mai lamba 420 da sifoket mai lamba 428, ido zai ce ɗaya ne, amma ba sa zama da juna.

Maganar sifirin kuwa, kafin ka sayi wani, buɗe fulin baya. Akwai ramuka uku da ake soke ƙafarsa. Mayar da shi na 3, zai ƙara tauri, ya riƙe giyar ƙasa ya daɗe. Kyauta ne. Amma bayan sifoket za a yi shi, ba a madadinsa ba.

Dattijo daga Suru:
Ku yaran yanzu komi sai inji. Ni jakina bai taɓa tsinke bel ba. Amma ɗana, abu guda ni ka gani ga masu irin wagga kura: lallaɓa totur su kai, wai tausai su ka ji. Wanga kuloci ba ya son lallaɓa. In za ka tashi ba shi wuta shi kama gaba ɗai. In taya ta kahe cikin laka, sauka ka aje buhu biyu, kak ka tsaya kana murɗawa. Kuma in ka ratsa ruwa, dakata bel shi sha iska.

Mai sayar da kayan inji, Birnin Kebbi:
Baba ya yi gaskiya. In za ka gwada, ɗaga tayoyin baya a kan turmi, ka ja layi da biron maka a fuskar fulin gaba daga tsakiya zuwa baki, ka ba da wuta. Inda layin ya goge, nan bel ke kaiwa. Kuma don Allah a cire babbar riga kafin a sunkuya kansa, a mayar da murfin in an gama.

Manomi daga Argungu:
Jama'a na dawo da labari, Allah ya saka da alheri. Abin da muka kwaso daga cikin fulin ya kusa cika gwangwanin madara, baƙi ƙirin, har da ƙaiƙayi. Ɗaya daga sifirin biyun ma ya saki, mun canza duka. An yanka zoben tagulla, an sa bel na asali, miƙaƙƙen gefe wajen inji. Yanzu a sulo tsaye take cak. Sandar tsakiyar ta ci mana kwana uku, don mai walda ya fara ɗora ta a karkace sarƙa tana faɗuwa, sai da muka sa zare muka daidaita. Jiya na hau hawan nan da buhu huɗu ba wari, ba ihu. Sifirin baya na bar shi a rami na 2, ban ga bukata ba.

Sai dai wata sabuwa ta taso. Da na gangaro da lodi na saki totur, kurar ta saki jiki ta tafi da ni, birkin Napep ɗin nan da kyar ya riƙe ta kafin bakin ruwa. Oga na Jega, haka abin yake, ko wani abu muka ɓata?

Bakanike daga Jega:
Haka yake Alhaji. Da juyi ya sauka kuloci ke sakin bel, inji ba ya riƙe ka. Ka riƙa barin 'yar wuta kaɗan a gangara don ya ci gaba da kamawa. Birkin kuma kawo ta ranar kasuwa in duba takalman.