Ki & Ka: Wa Zai Riƙe Ludayi?

Na-Zage:
Masu bin fina-finan Indiya, ga *Ki & Ka* na 2016, wanda R. Balki ya ba da umarni. Kareena Kapoor ce Kia, babbar ma'aikaciya a kamfanin man girki. Arjun Kapoor shi ne Kabir, mijinta, wanda ya zaɓi zaman gida. Na buɗe fage:

Ɗan attajiri ne, ga ilimi ga dukiya,
Ya bar gadon uba, ya rungumi tukunya,
Matar tana ofis tun da sanyin safiya,
Shi ko yana shara, yana kaɗa miya,
Ku gaya mini, aure ne ko tatsuniya?

Ta-Fagge:
Yaya Na-Zage, ina abin ƙorafi?
Girki da wanki yaushe suka zama laifi?
Shi ya ce uwarsa ce ta fi kowa ƙarfi,
Ta riƙe gida, ba wanda ya yi mata tafi,
In wasa ne, riƙe wuƙar albasa mu ga kaifi.

Na-Zage:
Ƙanwata, sarƙar aure ai ta mata,
Shi ya rataya a wuya maimakon ita!
Uban ya ji kunya, ya ce ɗansa ya ɓata,
Kuɗin cefane ma sai daga jakarta.

Gwaggon Gida:
Ku yara, ba ku kai ƙarshen fim ɗin ba,
Rigimar ba a kan tukunya ta tashi ba.
Kabir ya shiga talabijin ana ta yaba,
Don ya iya girki, abin da ba sabo ba.
Kia ta cika ta batse, kishi bai bar ta ba,
Ta zazzage masa baƙar magana, ba ta rage ba,
Irin wadda maza kan yi, ba ta canza ko harafi ba.
Mai kawo kuɗi, girman kai bai ƙyale shi ba,
Ko da gemu ko da kitso, bai tambaya ba.
Ni da na tsufa kan murhu, ko rediyo bai neme ni ba!

Ɗan Kwalisa:
Gwaggo, ina gaisuwa, bari in sa baki,
Amitabh Bachchan da matarsa Jaya ma sun leƙo ciki,
Ta tambaye shi ko zai iya barin aiki,
Ya zauna gida, ita ta fita. Sai mamaki,
Dattijo ya shiga kame-kame, ya rasa madafi... a'a, madaki!

Ta-Fagge:
Ɗan Kwalisa, amsa-amonka ya karye,
Kamar hujjar Yaya, duk ta zagwanye.

Na-Zage:
To na ji, Gwaggo, ni ma zan yi girki,
Amma ku samo mini mai albashin banki,
Kuma sharaɗi guda: ban da wanki.

Ta-Fagge:
Tun ba a ɗaura ba ka fara zaɓen aiki?
Gwaggo, miƙo masa omo da bokiti, ga tulin wanki.