Neman kalmar Hausa: me za mu kira janaretan da ke tashi da kansa idan an ɗauke wuta?

1/ Jama'a, assalamu alaikum. Yau neman kalma ne ya kawo ni. Janareta dai ya riga ya zama namu, wasu kuma su ce injin wuta, duk daidai ne. Amma akwai wani irinsa da masu sana'ar ke kira "sitanbai": wanda ake girkawa a kan daɓen siminti a bayan kanti ko masana'anta ko asibiti, ya yi wata da watanni shiru, ranar da guguwa ta tsinke wayoyi sai ya tashi da kansa ba wanda ya taɓa shi. Shi nake so mu raɗa wa suna.

2/ Abin da ya jawo maganar, ina rubuta wa 'yan kasuwa bayani ne kan shirin lokacin guguwa. Duk inda na sa "janareta" kawai, sai na ga mai karatu zai hango ɗan ƙaramin nan da ake ja wa igiya. Ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya ɗauka ɗaya ne zai sayi abin da ba zai riƙe masa firizarsa ba a daren da ya fi bukata.

3/ Kafin suna, mu san yaron. Inji ne, na dizal ko na iskar gas, yana juya maganaɗisu a tsakiyar nannaɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, juyin ya haifar da wuta. Michael Faraday ne ya gano wannan a 1831, har yau kuma a kansa ake. Saurin juyin ba na ganin dama ba ne. Yawancin manyan injinan sai sun yi juyi 1,500 a minti a ƙasashen da wutarsu ke bugawa sau 50 a daƙiƙa, ko 1,800 a inda take bugawa sau 60, kamar Amurka. Idan saurin ya yi tangal-tangal, wutar ma ta yi.

To wannan duk janareta haka yake. Abin da ya ware namu shi ne wani akwati da ke tsakanin layin kamfanin wuta da ginin, wanda masu gyara ke cewa "cenjoba". Dare da rana yana sauraron layi. Wuta na ɗaukewa, sai ya ɗan dakata na 'yan daƙiƙoƙi ko ƙiftawa ce kawai ta yi. Idan ya ga da gaske ne, ya aika wa injin saƙon tashi, batir ya murza shi, ya kai saurinsa, sannan akwatin ya raba ginin da layin kamfani ya jona shi da injin. Kusan daƙiƙa 10 ake yi a gama. Idan an dawo da wuta ma ba ya rawar jiki. Sai ya tabbata ta zauna, ya mayar da ginin kan layi, ya bar injin ya ci gaba da juyawa ba kaya, wato ba ya ba komai wuta, na wasu mintoci don ya huce, sannan ya kashe shi.

4/ Ga sunayen da kuka turo tun jiya da na fara tambaya.

"Injin wucin gadi." Malam, na gode, amma ban karɓa ba. Abin wucin gadi shi ne wanda za a cire idan na dindindin ya zo. Wannan kuwa ɗaure shi ake yi da kusoshi, a ja masa bututun mai, ya shekara ashirin a wurin.

"Injin madadi." Gaskiya ne amma ya yi faɗi. Sola ma madadi ce, batir ma haka.

"Janaretan safaya," kamar tayar mota. Wannan ya burge ni, don kowa zai gane nan take. Sai dai safaya ba ta ɗaura kanta. Sai ka tsaya, ka fito da jak. Abin da muke nema sunan ya faɗa shi ne daidai abin da safaya ba ta yi.

5/ Hajiyar da ta ce "injin gaggawa" ta kusa, kuma ina so mu riƙe kalmar, amma ga wani rukunin daban. Dokokin wuta na Amurka sun raba su. Akwai wanda rayuka ke rataye a kansa, irin na fitilun hanyar fita idan gobara ta tashi da muhimman sassan asibiti, shi dole ya kama cikin daƙiƙa 10. Akwai wanda doka ta wajabta amma aka ba shi har daƙiƙa 60. Akwai kuma wanda mai kanti ya sa don kada kayansa su lalace, ba wanda ya tilasta masa. Na farkon shi ne na gaggawa. Idan muka ba dukkansu sunan, mun rasa yadda za mu ware shi.

6/ "Injin jiran tsammani" kuwa shi na fi ƙi, duk da daɗinsa a baki. Bahaushe na jin tsammani sai ya tuna warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Zaman banza ke nan ana sa rai. Kuma wallahi wannan fahimtar ce ke kashe injinan nan. A girka, a rufe, a manta, ana tsammanin ranar zai tashi.

7/ Nawa zaɓin: janaretan ko-ta-kwana.

Mun saba ji an ce jami'an tsaro ko ma'aikatan asibiti suna cikin shirin ko-ta-kwana. Mai wannan shirin ba barci yake ba. Takalminsa na ƙafa, motarsa da mai, kira kawai yake jira. Haka injin nan yake, kuma shirinsa aiki ne da ake yi masa kullum.

Batirinsa na kan caji dare da rana, don mutuwar batir na kan gaba a dalilan da ke hana irin waɗannan injinan tashi. A ƙasashen sanyi har hita ake sa masa tana ɗumama ruwan injin, don kada dizal ya yi gardamar kamawa. Ana saita shi ya riƙa tashi da kansa, galibi mako-mako, ya ɗan motsa jiki. Wannan ma bai isa ba, sai an riƙa ɗora masa kaya na gaske, don injin dizal da ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba ya ƙone mai sosai, sai baƙin maiƙo ya taru a salansa. Man da ke tanki shi ma yana tsufa. Bayan wata shida zuwa shekara yakan fara lalacewa, ruwa ya kwanta a ƙasan tankin, ƙwayoyin cuta su yi yauƙi su toshe matatar man. Duk wannan hidimar tana cikin kalmar ko-ta-kwana ga wanda ya san Hausa.

8/ Kalmar ta kuma ƙunshi inda aka ajiye shi. A 2012, lokacin da guguwar Sandy ta afka wa birnin New York, akwai asibitocin da injinansu ke can saman bene, lafiya lau, amma tankunan mai da famfunansu na ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ya cika ɗakin. A wani asibitin sai da mutane suka yi layi a matakala suna miƙa wa juna mai har hawa na 13, daga baya dai aka kwashe marasa lafiya. A Fukushima ta Japan, 2011, ambaliyar teku ce ta shanye injinan dizal na tashar nukiliya. Injin da ruwan guguwa zai riga kai wa gare shi bai cancanci sunan ba.

9/ Wani ɗan'uwa injiniya ya yi gyara mai kyau: ya ce to wanda ke aiki kullum fa, a inda wutar kamfani ba ta kai ba? Yaya, ka yi gaskiya, kuma masu ƙera su ma sun raba. A ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 8528, wanda aka ƙera don ko-ta-kwana bai kamata ya wuce awa 200 a shekara ba, ɗayan kuwa ba a iyakance masa awanni ba. Shi sai mu ce janaretan dogaro. Wanda ya sayi na ko-ta-kwana ya mayar da shi na dogaro zai gajiyar da shi tun kafin lokacinsa.

10/ Saura akwatin. "Makunni" bai yi ba, don ba kunnawa ce babban aikinsa ba. Hausa tana da hanyarta ta raɗa wa kayan aiki suna: buɗe, mabuɗi, kulle, makulli, auna, ma'auni. To sauya, masauyi. Masauyin wuta. Wanda mutum ke ja, masauyin hannu. Wanda muka yi bayani a sama, masauyi mai aiki da kansa. Na san "cenjoba" ba zai bar bakin masu gyara ba, ban kuma ce ya bari ba. A rubutu ne nake so mu samu abin da ɗan koyo zai karanta ya gane aikinsa daga sunansa.

Kuma aikin nasa na ceton rai ne. Masauyi ne ke hana wutar inji komawa cikin layin kamfani. Idan mutum ya jona janareta kai tsaye a wayoyin gini ba masauyi, wutar takan bi layi ta fita waje, ta shiga taransfoma ta baya, shi kuma ya ɗaga ta ta zama dubban bolt. Ma'aikacin da ya hau turken wuta bayan guguwa yana gyaran wayar da ya tabbata matacciya ce, shi za ta kama. An rasa rayuka ta haka.

11/ Wata magana da ba ta suna ba, amma ba zan wuce ta ba. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma bayan manyan guguwa tana cikin abubuwan da ke kashe mutanen da suka tsira daga guguwar kanta. Ruwa na zuba, sai a ja ƙaramin janareta cikin sito ko gareji. Hukumomin lafiya na Amurka sun ce a ajiye shi a waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, wajen mita 6 ke nan, salansa na kallon nesa da ginin.

12/ Zan rubuta janaretan ko-ta-kwana, janaretan gaggawa, janaretan dogaro da masauyin wuta a bayanin nawa. Kalmar da ta rage mini ita ce ta wannan wutar da ke bin layi ta koma waje. "Koma-baya" ta riga ta tafi ga wata ma'ana. Na gwada "aman wuta", wato injin ya yi aman wuta cikin layi, amma kunne na jin haka sai ya tafi ga dutse. Masu hawa turke, ku abin ya fi shafa. Me kuke ce mata idan kuna gargaɗin yaranku na aiki?