Lakwa, ruwan sheƙin da ake fesa wa kayan katako, tana hawa kan kowane fenti in dai ya bushe?

Mai feshi: Ni dai ina nan kan bakana. Fenti in ya bushe, ka bi shi da samfefa mai laushi, ka fesa lakwa, magana ta ƙare.

Tsohon kafinta: A'a ɗana. Bushewar sama daban, ta ciki daban. Fentin mai kan ɗauki makonni kafin ya yi tauri har ciki. Tina kuwa, wato ruwan da ake sirka irin lakwar da ake kira selulos da shi, da ƙarfinta, tana taɓa shi sai ta ci shi, ka ga fentin ya tattare ya yi yamutse-yamutse kamar fatar tsohuwa. Daga nan babu gyara sai kankarewa.

Mai feshi: Baba, ai shi ya sa ake fara yi masa feshi sama-sama, a bari ya sha iska.

Tsohon kafinta: Wani lokaci ka tsira, wani lokaci sai a shafi na biyu ya tashi. In dole ne, ka raba su da shafin shalak marar kaki, wato wani irin ƙaro da ake narkawa a shafa wa katako.

Mai sayar da kayan yara: Malamai, ni nawa bai tattare ba. Fari ne tas na fesa wa lakwa, yanzu ya koma ruwan ɗorawa.

Tsohon kafinta: Hajiya, halin selulos ke nan, da tsufa take yin rawaya. A kan farin fenti lakwar akirilik ake sa wa, ko ta ruwa.

Mai feshi: Ta ruwa ba ta da sheƙi irin na selulos, kuma in ta karce ba ta narkewa ta haɗe da sabon shafi.

Almajirin shago: Oga, to farin hazon da ke fitowa ranar da aka yi ruwa fa?

Mai feshi: Laima ce. Tina ta gudu da sauri, wurin ya yi sanyi, raɓa ta maƙale ciki. Zuba ritada kaɗan a lakwar, wato maganin da ke hana ta saurin bushewa, ka sake fesawa, zai washe. In kuma ƙananan ramuka ka gani, maiko ko silikon ne a jikin katakon.

Tsohon kafinta: Nan mun yarda. Amma batun fentin mai, ka gwada a guntun katako tukuna ka kawo mu gani.

Mai feshi: Zan gwada, Baba, da wanda ya yi wata guda da shafawa.