'Yar mussata irin ta Farisa, likita ya ce akwai ƙara a zuciyarta

Maman Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah wa ya taɓa kiwon mussa mai wagga matsala? Maigida ya sawo min 'yar mussa irin ta Farisa, mai gashin nan da lotsattsar fuska, watanta 3, kuɗi ba kaɗan ba. Munka kai ta rigakafi sai likita ya aza abin saurare ga ƙirjinta ya ce yana jin wani huci tare da bugun zuciya, wai mataki na 2 cikin 6. Ita ko tana ci tana wasa har labule take hawa. Yara sun shaƙu da ita, maigida na cewa a maida ta ga mai ita. Mi za ni yi?

Ɗan Mabera:
Hajiya da mussar gida kika ɗauka da ba ki ga haka ba, ko kyauta sai a ba ki biyar 😂 Allah ya ba ta lafiya dai.

Ummu Vet:
Wa alaikumus salam Anti, kwantar da hankalinki, ƙarar ita kaɗai ba ciwo ba ce, alama ce kawai. Ƙananan mussoshi da yawa ana jin ta kuma ta ɓace da kanta wajen wata 4 zuwa 6, wani lokaci ma tsoron asibiti ne ya sa zuciyar gudu, ko ƙarancin jini saboda tsutsar ciki da ƙuma. Amma fa irin Farisa da Maine Coon da Ragdoll suna gadon ciwon da naman zuciya ke kauri, akwai kuma waɗanda ake haifa da huda tsakanin ɗakunan zuciya, kuma ƙarfin ƙarar ba shi ke nuna tsananin ciwon ba, sikanin zuciya ne kaɗai zai raba gardama. Ki tambaya a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Danfodiyo su faɗa miki inda za a yi. In tana barci ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya, bai kamata ya wuce 30 ba. In kika ga ta buɗe baki tana haki ko ƙafafun baya sun mace, kada ki jira gari ya waye.

Hajiya Arkilla:
Tawa haka anka ce, ga ta nan ta girma sai ɓarna. Ni abin da na fi tsoro zafin Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu sama da 40, ga gashi ga gajeren hanci ga ba wuta. Ɗaki mai tayil, ruwa ko'ina, kada yara su wahal da ita da rana. Kuma don Allah ban da farasitamol, guba ne ga mussa, yana kashe ta.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai. Yanzu na ƙirga tana barci, 24. Mai ita ko na kira ya ce shi bai taɓa auna uwar ba. Ummu, in za a yi mata aikin hana haihuwa fa?

Ummu Vet:
A fara sikanin tukuna Anti, saboda allurar barci. Ki gaya wa likitan zancen ƙarar tun kafin a sa rana.